Gigin Tsufa da Ƙofar Hanci

A cikin Suratu Yusuf an ba mu labarin cewa sa'ad da ayari ya baro Masar ɗauke da rigar Annabi Yusufu, mahaifinsa Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare su, ya shaida wa iyalinsa yana jin ƙamshin ɗansa, alhali ya san za su jingina masa gigin tsufa, suka kuwa ƙaryata shi, har mai bushara ya iso. Annabawa dai Allah ya tsare hankalinsu, amma gaggawar da muke yi wajen watsi da maganar tsoho, ita har yau tana nan.

Tun da likita Alois Alzheimer ya bayyana cutar mantuwa a Jamus cikin 1906, masu bincike sun tabbatar cewa jijiyar hanci tana isa kai tsaye ga sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tunawa da motsin zuciya, kuma sau da yawa jin ƙamshi shi ke fara raunana, shekaru kafin mantuwa ta bayyana. Saboda haka dattijon da ya ture akushi yana cewa miya ba ta da daɗi, ya koma zaure ya yi tagumi, ba lalle ne tsirfa yake yi ba; daddawar ce ta daina isa gare shi, baƙin ciki kuwa ya biyo baya. Amma a Janbako, inda ruwan madatsar Bakolori ya mai da noman shinkafa sana'a, manomin da sunan jikansa ya kuɓuce masa, muddin da sauran ji a hancinsa, tururin shinkafar da ake turarawa a tsakar gida yana iya sakin fuskarsa, har ya soma zancen gonarsa.

To, wanda ya kai wannan hali, me ya rage masa? Malaman fiƙihu sun ce takalifi yana faɗuwa idan hankali ya gushe, ba a binsa salla ko azumi. Sai dai haƙƙinsa a wuyan 'ya'yansa bai faɗi ba, domin Suratul Isra'i da ta hana nuna wa tsofaffin iyaye gundura ba ta sharɗanta lafiyar hankalinsu ba. A shafa masa turaren da ya saba da shi ranar Juma'a, a kula kada ya ci abin da ya lalace bai ji warinsa ba, a daina kiransa maye, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a duba shi.