Jiki a Sahu, Zuciya a Kasuwa

Duk wanda ya taɓa sallar azahar a wani masallaci na Kantin Kwari ya san abin da za mu faɗa. Da an tayar da iƙama sai ka ga jama'a sun fito daga shaguna a gurguje, wani ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa, wani yana waiwayen yaronsa yana ja masa kunne kada ya rage ko sisi a kan shaddar nan. Liman ya yi kabbara, mu ma mu yi. Daga nan fa sai lissafi ya ɓalle: nawa ake bin mu, yaushe kaya za su iso daga Legas, ina za a samo kuɗin makarantar yara. Har raha ake yi cewa wanda ya manta inda ya ajiye makulli ya tayar da salla, zai tuna. Mukan yi dariya, alhali kuwa da mu ake.

Ba laifin 'yan kasuwa kaɗai ba ne. Malamin makaranta da mai tuƙa a-daidaita-sahu da uwargida a madafi, har da mu masu riƙe da alƙalami, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Mun tashi an koya mana cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma gaskiya ne. Sai dai mun ja zancen har ya wuce gona da iri, ta yadda in muka ga mutum zaune shiru ba waya a hannunsa, sai mu tambaye shi ko lafiya. Shiru ya zama alamar ciwo ko ta zaman kashe wando.

To, amma a littattafan fiƙihu da muka karanta a zaure, irin su Ahalari, an lissafa natsuwa cikin farillan salla. Ma'anarta a can mai sauƙi ce: gaɓoɓi su tsaya cak na ɗan lokaci a ruku'u da sujada kafin a ɗago. A ganinmu akwai hikima a nan. Ba a iya kama zuciya da hannu, saboda haka sai aka fara da abin da za a iya kamawa, wato jiki, da fatan in ya tsaya ita ma za ta waiwayo. Ruwan kududdufi ma sai an daina dama shi yake kwanciya har a ga ƙasansa.

Imamu Gazali ya ɗanɗani wannan. A shekarar 1091 aka naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 a gabansa, ga daraja a fada. A 1095 sai harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da karatu, abinci ma ya ƙi shiga, har likitoci suka ce ciwon daga zuci yake. Da ya binciki kansa sai ya tarar duk hidimar nan neman suna ne ke tura ta. Ya bar Bagadaza ya nufi Dimashƙa, inda yakan hau hasumiyar babban masallaci ya rufe ƙofa ya wuni shi kaɗai. Bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai 1106, a Naishabur. A tsakanin nan ne ya rubuta Ihya'u Ulumiddin. Abin lura shi ne, aikin da ya shagaltar da shi ba fatauci ba ne, karantar da addini ne.

Mai karatu zai ce, ai Gazali sai da ya tanadar wa iyalinsa abin da za su ci kafin ya tafi. Mai turin baro a Sabon Gari fa, wanda in bai fita yau ba tukunya ba za ta hau murhu ba? Wannan magana tana da nauyi, ba ma kuma jin daɗin masu ƙoshi da ke yi wa mayunwaci wa'azin gudun duniya. Ba wanda ya ce ya bar baronsa shekara goma, ko i'itikafin goman ƙarshe na azumi ba kowa ke da halinsa ba. Amma sau biyar a yini ya riga ya ajiye baron, ya wanke fuska, ya shiga sahu. Lokacin ya riga ya fita daga aljihunsa. Abin takaici shi ne a ce ya bar ciniki, kuma bai sami natsuwar da ya bar cinikin dominta ba, ya yi biyu babu.

Mun gwada wani ɗan abu a watannin baya: in an sallame, mu ƙi taɓa aljihu, mu zauna minti biyu muna jin numfashinmu na shiga yana fita, muna sanin abin da harshe ke faɗa a tasbihi. Ranar farko ko rabin minti ba mu kai ba hannu ya riga ya lalubo waya, ba tare da mun aike shi ba. Ba kowa ne ma ya kira mu ba.