Tonon Asiri Ne, Ko Ƙaunar Maƙwabci?

'Yan'uwa, mun tashi muna jin iyayenmu suna roƙon Allah ya rufa asiri. Addu'a ce mai kyau. Amma idan annoba ta shigo gari, ma'aikacin lafiya ya zo ƙofarmu da wayar hannu yana neman sunayen waɗanda muka cuɗanya da su, me ya wajaba ga mai bi? In mun faɗa, ba mu tona asirin ɗan'uwa ba?

Mu tuna da shekara ta 2014. Ran 20 ga Yuli wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas da cutar Ebola. Likita Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, ita kuwa ta kamu, ta rasu. Sai ma'aikata suka bi sawun mutum wajen 900. Kowace rana, har kwana 21, ana auna zafin jikinsu, a rubuta a waya, nan da nan labari ya kai ofishin da a ke lura da aikin. Wanda zazzaɓi ya kama, a keɓe shi tun bai sa wa iyalinsa ba. Mutum 20 suka kamu, 8 suka mutu. Ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cutar ta ƙare a Nijeriya.

Mutum guda kuwa ya ɓuya wa masu bin sawu, ya tafi Fatakwal. Likitan da ya yi masa magani a ɓoye ya kamu, ya mutu, ya kuma sa wa waɗansu. Ashe asirin da a ka rufe irin wannan, maƙwabci ne ke biyan kuɗinsa da ransa. Saboda haka faɗin gaskiya ga mai magani ba tsegumi ba ne.

Amma da sauran magana. Sunan da ya shiga kwamfuta ba ya mantuwa, kwafarsa kuma ba wuya. Wanda a ka danƙa masa sunaye amana ya riƙe. In ya bari suka fita kasuwa, gobe ba wanda zai faɗi gaskiya. Wajibi ne mu tambayi hukuma: wa ke ganin sunayen, har yaushe za a ajiye su?

Mu ma da namu nauyi. A Littafin Firistoci sura 13, firist ya kan duba mai ciwon fata, ya tsare shi kwana bakwai, ya sāke dubawa. In lafiya, ya furta tsarkinsa a koma da shi cikin jama'a. Waya ta iya ƙidaya kwanaki, ba ta iya kai tuwo ƙofar wanda a ka keɓe. Wannan aikin ekklesiya ne. Mu ba da sunaye da gaskiya, mu ciyar da keɓaɓɓe, ran da ya fito kuma mu matsa masa wuri a bencinmu.