Ɗakin da Ake Tsoron Bari

A 1992, Sam Tsemberis ya kafa ƙungiyar Pathways to Housing a New York, bisa ra'ayin a fara ba mai kwanan titi ɗaki, maganar jinya ta biyo baya. A lokacin, hayarsa kashi 30 cikin ɗari ce na samunsa, ma'aikacin jin ƙai yana leƙo shi. Wasu sun murmure, amma da an ce su koma hayar gama-gari, sai jikinsu ya yi sanyi.

Akwai masu kiran wannan mutuwar zuciya ko raunin tawakkali. Ban yarda ba. Wanda ya kwana a tashar jirgin ƙasa cikin hunturu, ya yi matashi da takalmansa don kada a sace, ya san ciwon wata guda zai iya mayar da shi can. A irin wannan shiri in samu ya ragu, haya ta ragu. A waje mai gida ba ya jira. Addini bai hana taka-tsantsan ba.

Wanda ke damuna shi ne na titi, mai jiran ɗakin. Haƙƙinsa yana wuyan hukumar da ba ta gina isassun ɗakuna ba.