Watannin da ɗan haya ya biya bai zauna ba

Jama'a, tun da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya shiga Galtimari da Fori da Gwange, akwai maganar da ta ƙi mutuwa tsakanin masu gidaje da 'yan haya. Bango ya sha ruwa ya tsage, masai ya rufta, mai gida ya ce a kwashe kaya zai yi gyara. Gaskiyarsa, ba mai son gini ya faɗo wa yara. To amma kuɗin shekara da aka riga aka biya fa?

A fiƙihunmu na Malikiyya, haya sayen amfani ne. Abin da mutum ya biya wa kuɗi shi ne zama a ɗakin. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta nuna cewa in gida ya rushe kafin wa'adi ya cika, haya ta warware a kan abin da ya rage. Ke nan wata ukun da magidanci ya yi a raɓe gidan surukai, ko a sansani da iyalinsa, kuɗinsu ba na mai gida ba ne. Ko dai ya mayar, ko su daidaita ya ƙara masa watannin bayan an gama aiki.

Shi ma mai gida ruwan ya ci shi, kuma kowa ya san yadda siminti ya yi tsada. In kuɗin sun shige cikin bulo da ladan magina, ɗan haya ya yi masa jinkiri, a rubuta bashin a gaban shaidu.

Inda ban ga uzuri ba shi ne a fake da gyara don a kori mutum. A ce masa sati shida, a shafa fenti, ya dawo ya tarar da wani a ɗakinsa da sabon farashi. Ɗan gari yana da gidan gado da zai koma. Bakano ko Bakatsine mai rumfa a Kasuwar Monday, da mata da yara a makaranta, ina zai nufa? Kuma abin takaici, wasu masu yin haka namu ne, su ma da haya suka fara a garin nan.

Alhaji, in har za ka fitar da mutum, tun kafin ya naɗe tabarma ka faɗa masa ranar dawowa da kuɗin da zai tarar. In kuwa ba ka da niyyar ya dawo, ka faɗa masa yanzu, ka ba shi ragowar kuɗinsa ya kama wani ɗaki.