Tsinin Takobin Marth da Haƙƙin Abokin Karawa

Wanda aka ci a wasa ba ya rasa abin faɗa. Wani zai ce na'urar da ke hannunsa ce ta ƙi aiki, wani ya ce surutun 'yan kallo ne ya ɗauke masa hankali. Amma akwai wani ƙorafi da ya fi waɗannan nauyi, wanda ake yawan ji a bakin masu buga wasan bidiyon nan na Super Smash Bros.: wai wanda ya zaɓi jarumi mai dogon takobi bai ci da gwanintarsa ba, tsawon ƙarfe ne ya ci masa. Wannan ƙorafi ya isa a tsaya a duba shi, domin tsohuwar tambaya ce ke kwance a ƙarƙashinsa. Idan doka ta ba ka fifiko a kan abokin karawarka, har ina ya dace ka ci moriyar fifikon?

Bari in fara da bayanin wasan saboda mai karatun da bai taɓa ganinsa ba. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ne ya fito da shi, a ƙarƙashin jagorancin Masahiro Sakurai, kuma kashi na biyu mai suna Melee, wanda ya fito a 2001, shi ne har yau ake gasa da shi ba tare da an sake masa fasali ba. Jarumai biyu ne ke faɗa a kan wani dandamali da ke rataye a sarari. Duk bugun da ya same ka yana ƙara maka maki na rauni, kuma gwargwadon yawan makin, gwargwadon nisan da bugu na gaba zai cilla ka. Idan aka cilla ka waje ka kasa dawowa, ka yi asarar rai guda. A ƙa'idar gasa kowa na da rai 4, lokaci minti 8 ne, kuma ana kashe duk kayan faɗan da ke faɗowa bisa sa'a. Wasan na tafiya ne da hoto 60 a kowace daƙiƙa, har gwanaye kan auna motsinsu da adadin hotunan nan.

Cikin jarumai sama da 20 da ke wasan akwai Marth, wani yarima da aka aro daga wasan Fire Emblem na 1990. Takobinsa ne tushen rigimar. Idan jarumi irin Fox ya kai shuri, ƙafarsa wani sashe ne na jikinsa, ana iya bugunta ya ji rauni. Takobin Marth kuwa ba ya jin ciwo. Yana iya miƙa shi inda hannun abokin faɗa ba ya kaiwa, ya sare shi, jikinsa na can baya cikin aminci. Mai ƙorafi yana ganin a nan rashin adalcin yake: ɗaya ya shiga faɗa da fatarsa, ɗaya ya turo ƙarfe.

Amsa ta farko da ake bayarwa ita ce, ai kowa na da damar zaɓen Marth. Wannan amsa tana da ƙarfi. A filin kokowa, inda mu ma takobi ake ba wa sarkin 'yan kokowa na ƙasa, wani yakan zo da tsawo da dogon hannun da aka haife shi da su, abokin karawarsa kuma ba shi da hanyar samun irinsu. Duk da haka ba mai cewa dogo ya yi zalunci. To a wasan Smash ma abin ya fi sauƙi, tunda tsawon hannun yana nan a kan allo, wanda ya so ya ɗauka. Wanda ya bar shi ya zaɓi Fox ya yi hakan ne don yana son gudu da bindigar da Marth ba shi da su.

Sai dai wannan amsa ba ta wadatar ba, kuma tarihin wasan da kansa ya nuna haka. A kashi na uku mai suna Brawl, wanda ya fito a 2008, akwai wani mai takobi da ake kira Meta Knight. Shi ma kowa na iya zaɓensa. Amma an haɗa masa saurin sara, da fukafukai, da tsalle sau da yawa a iska, har ya zama babu jarumin da ya fi ƙarfinsa. Wasu kan sami rinjaye kaɗan, sai su koma gefen dandamali su yi ta lilo a bakinsa inda kai musu hari ke da haɗari ƙwarai, har lokaci ya ƙare. A 2011 wani kwamitin masu shirya gasa a Amurka ya sanar da haramta shi, ko da yake ba duk gasa ce ta bi wannan hukunci ba. Ka ga ke nan, kasancewar abu a buɗe ga kowa bai hana shi ɓata wasa ba. Dole akwai wani bambanci tsakanin takobin Marth da na Meta Knight wanda ya wuce batun wa ke da damar ɗauka.

Bambancin yana a tsinin takobin. Waɗanda suka tsara Marth sun ajiye mafi yawan ƙarfin saransa a ɗan ƙarshen takobi. Idan tsinin ne ya sami mutum, zai iya cilla shi waje tun makin rauninsa bai yi yawa ba. Idan kuwa tsakiyar takobin ko kusa da mariƙi ne ya taɓa shi, bugun yakan zama mai rauni, wani lokaci ma ya bar Marth a buɗe a rama masa. Don haka mai buga Marth ba zai iya gudu ya yi nisa ba, tunda ba shi da abin harbi. Ba zai iya manne wa abokin faɗa ba, tunda a kusa ƙarfinsa ke raguwa. Dole ya zauna a wata 'yar tazara da ba ta wuce tsawon takobi ba, wato daidai wurin da taku ɗaya na kuskure zai jefa shi a hannun abokin karawa. Idan ya kai sara ya sari iska, akwai ɗan lokacin da ba zai iya kare kansa ba, gwanin Fox kuwa wannan ɗan lokaci ya ishe shi.

Shi ya sa idan ka kalli gwanin Marth za ka ga yana ta kai da komo, ya matso ya ja baya, ya sake matsowa. Wanda bai san wasan ba zai ɗauka tsoro ne. Hausawa kuwa sun riga sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Yana jan abokin karawarsa ne ya kai hari a inda bai dace ba, shi kuma abokin karawar yana ƙoƙarin gane lokacin da zai tsallake tsinin ya shige ciki. Kowannensu na karanta zuciyar ɗan'uwansa, kowannensu na da zaɓi a kowace daƙiƙa. Ken Hoang, wanda ya mamaye gasar Melee a Amurka tun daga wajen 2003 har ya ci gasar EVO ta 2007, da wannan salo ya yi suna. Bayan shekaru masu yawa Zain Naghmi ya ci gasar Genesis 7 a watan Janairu na 2020 da Marth, aka kuma sanya shi na ɗaya a duniya a 2022. Tsakanin zamanin mutanen nan biyu an yi shekaru da dama masu buga Fox, Jigglypuff da Peach ne ke kan gaba. Da tsawon takobi kaɗai ke ba da nasara, da ba a sami wannan giɓi ba.

A nan nake ganin ma'aunin da ya dace yake. Fifiko ba ya zama abin kunya muddin wanda kake karawa da shi yana da sauran abin da zai iya yi. Gasa alkawari ne tsakanin mutum biyu cewa kowa zai gwada ɗan'uwansa. Ina buƙatar ka yi iya ƙoƙarinka domin nasarata ta zama tana da ma'ana, kai ma haka kake buƙata daga gare ni. Duk dabarar da ta sa aikinka ya yi wuya tana cikin alkawarin. Dabarar da ta mayar da kai ɗan kallo, kana riƙe da na'ura amma babu abin da dannawarka za ta canza, ita ce ta warware alkawarin, ko da littafin dokoki bai hana ta ba.

Misali mafi bayyana shi ne na jaruman nan biyu masu tafiya tare, Ice Climbers. Akwai dabarar da ɗaya zai riƙe ka, su biyun su yi ta bugunka bi da bi a kan wani ƙayyadadden lokaci, ba ka da hanyar kuɓuta sai idan mai yin ya yi kuskure. An yi shekaru ana gardama a kanta, daga 2019 manyan gasa da yawa suka hana ta. Masu goyon bayanta sun ce kama mutum tun farko ma aiki ne mai wuya, kuma gaskiya suka faɗa. Amma daga lokacin da aka kama ka, wasan mutum biyu ya koma na mutum ɗaya.

Adalci ya sa a faɗi cewa Marth ma yana da abin da ya yi kusa da wannan. A fili mai shimfiɗa ɗaya da ake kira Final Destination, yana iya kama Fox ya jefa sama, ya sake cafke shi kafin ya farfaɗo, ya maimaita sau da yawa. Masu buga Fox na ƙin wannan fili saboda haka. Abin da ya raba shi da dabarar Ice Climbers shi ne, wanda aka jefa yana iya karkata inda zai faɗa, hagu ko dama ko tsaye, mai Marth kuma sai ya bi shi daidai cikin ƙiftawar ido, sannan dabarar tana daina aiki idan makin rauni ya kai wani matsayi. Ƙofar ta ƙuntata, amma ba a rufe ta ba. Wannan ya nuna cewa hukuncin ba a kan jarumi yake ba. Kowace dabara sai an dube ta ita kaɗai, a tambaya ko ta bar wa ɗayan hanya.

Akwai kuma wani ma'auni na ƙarya da ya kamata a yi hattara da shi, wato jin daɗin 'yan kallo. Juan DeBiedma, wanda aka fi sani da Hungrybox, ya riƙe matsayi na ɗaya daga 2017 zuwa 2019 da Jigglypuff, yana wasa cikin haƙuri da jan lokaci, salon da ya gundiri mutane da yawa. Bayan ya ci gasar Pound a 2019 wani daga cikin 'yan kallo ya jefo masa mataccen ƙaguwa a kan dandalin gasa. Amma abokan karawarsa ba su taɓa rasa abin yi ba. An sha cinsa kafin wannan rana da bayanta, kuma shi ne Zain ya doke a wasan ƙarshe na Genesis 7. Gundura ba hujja ba ce ta cewa an yi rashin adalci. A wannan rana wanda ya jefa ƙaguwar ne ya zubar da mutuncinsa, wanda ya ci gasar kuwa bai saɓa alkawarin kowa ba.

Wani zai ce, ai sai a bar wa masu shirya gasa su rubuta doka, ɗan wasa kuma ya yi duk abin da ba a hana ba. Akwai masu wannan ra'ayi, kuma suna da hujjar cewa wanda ke ɗaure kansa da dokokin da shi kaɗai ya ƙirƙira yakan yi amfani da su ne ya rufe gazawarsa. Na yarda da su a kan mai ƙorafin takobi, domin shi maganinsa koyon yadda ake shiga ƙarƙashin tsini ne. Inda na rabu da su shi ne, doka kullum a baya take zuwa. Kafin a iyakance yawan kama bakin dandamali, sai da wasu suka yi ta cin gasa da lilo. Kafin a hana dabarar Ice Climbers, sai da 'yan wasa da kansu suka yi ta cewa abin ya fita daga ma'anar gasa. Lamirin 'yan wasa ne ke fara gane ɓarna, daga baya doka ta rubuta abin da suka gane. Wanda ya ce ba ruwansa da komai sai abin da aka rubuta, yana cin amfanin lamirin wasu ne bai ba da nasa ba.

Wannan batu bai tsaya a kan allo ba. Mu da ke aikin rediyo mun san cewa mai gabatar da shiri yana riƙe da dogon takobi: shi ke da makirufo, shi ke da agogo, shi ke iya katse layin mai kira. Ba laifi ba ne ya yi wa baƙonsa tambaya mai tsini da za ta hana shi zamewa, aikinsa ke nan. Amma idan ya yi ta katse shi har mutumin ya kasa kammala jimla guda, ko ya jefa masa zargi a daƙiƙar ƙarshe ya rufe shiri, to ya ci gardamar da babu kowa a ɗaya gefen. Haka babban ɗan kasuwa da ya fi maƙwabcinsa jari. Ya sayo kaya mai kyau ya yi sauƙin farashi, wannan gasa ce. Ya saye hanyar da kaya ke shigowa don kada ɗayan ya sami abin kasawa, wannan kuma wani abu ne daban.

Saboda haka wanda ya zaɓi Marth ya riƙe takobinsa ba tare da jin kunya ba, ya koyi tazararsa har ya iya sara da tsini a duk lokacin da ya so. Wanda aka sara kuma ya koma ya yi nazarin inda ya taka ba daidai ba, domin hanyar shiga tana nan. Abin da ya rage a kan mai rinjaye, a wasa ko a wajen wasa, shi ne ya riƙa tambayar kansa ko mutumin da ke gabansa har yanzu yana da abin da zai iya yi. Idan amsar ta zama a'a, to ko an miƙa masa kofi, bai gwada ƙarfinsa da kowa ba.