Garin da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Ya kai mai karatu, idan ƙungiyar matasan ikkilisiyarku ta shirya zagaya tafkin Kainji, ka san irin tsarabar da za su kawo gida: hotunan faɗuwar rana, labarin shiga kwalekwale, da gajiyar tafiyar ƙasa a bakin gaɓa. Duk wannan abin murna ne. Amma akwai abin da ido ba ya gani a wurin, shi ne kuwa ya fi cancanta a nuna musu.

Hannun mutum ne ya tara ruwan nan. A shekarar 1968 aka gama gina madatsa a kan kogin Kwara domin samar da wutar lantarki. Ruwa ya taru, ya yi baya har zuwa ƙasar Yawuri, tsawon fiye da kilomita 100. Tsohon garin Bussa ya nutse tare da ƙauyuka masu yawa. Dubban mutane suka bar gonakinsu da kaburburan iyayensu, aka sake musu matsuguni, har aka kafa Sabuwar Bussa. Kwalekwalen da zai ɗauki 'ya'yanku a bisa kufan waɗansu zai bi.

To, laifi ne yaro ya yi dariya a kan ruwan da ya ci gidan wani? Kana iya cewa ba a ma haifi matasan nan ba sa'ad da abin ya faru, an gina wa mutanen sababbin gidaje, ƙasa kuma ta amfana. Gaskiyarka, ba su da laifi, kada kuwa a hana su jin daɗi. Sai dai laifi dabam, bashi dabam. Magaji yakan gāji dukiya, yakan kuma gāji bashin da ke kanta. Duk wanda ya taɓa yin karatu da hasken lantarkin Kainji ya ci gajiyar hasarar waɗansu, ko ya sani ko bai sani ba.

Ba mai iya fito da Bussa daga cikin ruwa, amma akwai biyan da bai fi ƙarfin matashi ba. Kafin su kafa tanti, su je su gai da mai gari, su nemi izini. Su zauna wurin tsofaffi, su tambayi yadda tsohon garin yake, su kasa kunne. Kada su matsa wa masunci ya karya kuɗin kifinsa, ko su ɗauki hoton mutum ba da yardarsa ba, ko su bar leda a gaɓar da waɗansu ke ɗiban ruwan sha. In mai kwalekwale ya ce iska ta tashi, a dakata, su ji maganarsa, gama ya fi su sanin ruwan.

Kai kuma da kake shugabansu, ko mahaifin ɗayansu, kada ka bar su su tafi ba su san labarin nan ba. Da dare, sa'ad da suka kewaye wuta za su gode wa Ubangiji saboda kyan tafkin, ka tuna musu su sa mutanen Bussa da jikokinsu cikin addu'ar.