MANHAJAR DA KA GINA MUDU CE, KA DUBA GINDINTA



'Yan uwa, tambayoyin da matasa ke turo min sun canza. A da yawanci neman addu'ar samun aikin gwamnati ne. Yanzu sai ka ji wani ya ce: "Malam, ina gina wa 'yan kasuwa shagon intanet, ana biyana ta Upwork ko Fiverr." Wani ya ce ya buɗe manhajarsa ta sayar da atamfa da shadda daga Kantin Kwari. Wannan abin farin ciki ne wallahi. Da Abdurrahman bin Auf (RA) ya isa Madina, ɗan'uwansa Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, sai ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Tsayuwa da ƙafarka gado ne na sahabbai. Kuma ƙofar a buɗe take: Jumia da Konga a 2012 suka fara a Legas, Paystack kuwa matasa biyu suka kafa shi a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020.

Amma akwai abin da nake so ka riƙe, kai da ba ka da oga a kanka. Mai awo a kasuwa idan ya buga gindin mudunsa, wanda ya tsaya gabansa kaɗai zai cuta. Kai kuwa maƙerin mudun ne. Abin da ka shirya a cikin manhajar, shi za ta riƙa aunawa ga duk wanda ya shigo, kana barci tana aiki, kana sahun sallah tana aiki. In gaskiya ka saka, ladan na gudana. In ha'inci ne, shi ma haka. Mutanen Annabi Shu'aibu (AS) tauye mudu da sikeli na cikin abin da ya halaka su, ga kuma Suratul Muɗaffifina sukutum da sunan masu tauyewar.

Na farko, hoto da bayanin kaya. Mai saye bai taɓa kayan ba, bai juya su a rana ba, abin da ka nuna masa shi ne idonsa. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa. A Muwaɗɗa ma Imamu Malik ya kawo babi a kan sayar da dilar tufafi bisa takardar da ke lissafa abin da ke ciki, ba tare da an kwance ta ba. Sunan takardar barnamaj, kalmar da Larabawa ke kiran manhajar kwamfuta da ita a yau. Sharaɗin shi ne kaya su dace da siffar. In suka saɓa, mai saye na da haƙƙin mayarwa. To kai da ka ɗauko hoton shadda mai tsada ka aika da ta roba, sannan ka rubuta ba a mayar da kaya, wa ya ba ka wannan? Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tarin abincin sayarwa ya ji laima a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus.

Na biyu, yabon ƙarya. Ka buɗe asusu ashirin da sunaye daban-daban kana ba kanka taurari biyar. Ka sa agogo yana ƙirga "saura awa biyu rangwame ya ƙare", alhali gobe zai sake farawa. Ka rubuta "saura guda uku", sito kuwa cike. Wannan ɗan'uwan najashu ne, wato mutum ya taya kaya ba don zai saya ba sai don ya zuga wani, kuma an hana shi. Kada ka ce ai mai shagon ne ya ce in saka, ni mai rubuta manhaja ne kawai. Hannun wa ya rubuta? Ka ce masa wannan ɓangaren ba za ka yi ba. In ya tafi, arzikinka bai tafi da shi ba.

Na uku, sayar da abin da ba ka mallaka ba. Da yawa suna saka hoton kayan da ke wani shago a Dubai ko Chaina, sai an biya su sannan su je nema. Annabi (SAW) ya hana Hakimu bin Hizam (RA) irin wannan. Amma shari'a ta bar mafita. Ko ka zama wakilin mai kayan da saninsa, ka karɓi la'adarka. Ko ka yi cinikin salam: a biya kuɗi gaba ɗaya tun farko, siffar kaya sananniya, adadi sananne, ranar kawowa sananniya, kuma kayan na wuyanka har su isa. Ka zauna da malami ya duba tsarinka tun kafin ka ƙaddamar.

Na huɗu, amanar da ke hannunka. Lambobin waya, adireshin gidajen matan aure, bayanan katin banki, duk suna wucewa ta gabanka. Najeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, amma mumini bai jira doka ba. Haka wanda ya karɓi kafin alƙalami ya ce sati biyu, wata uku ya wuce ya daina ɗaga waya. Ɗan'uwa, ka faɗi lokacin da za ka iya. Ku rubuta yarjejeniya ko da a WhatsApp ne: me za a gina, nawa, yaushe, gyara sau nawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Ku kuma Alhazai masu ba da aiki, ku ji tsoron Allah. Yaro ya kwana yana aiki da janareto da datarsa, sai a ce "ai ɗan danne-danne ne kawai". Bukhari ya ruwaito mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya sa ma'aikaci aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa.

Kafin ka saki kowace manhaja, ka shiga kamar kai ne mai saye, ko mahaifiyarka ce. Duk wurin da ba za ka so a yi mata haka ba, ka gyara.

Allah ya sa albarka a neman matasanmu, ya wadata mu da halal, ya tsare mu daga haƙƙin bayinsa. Wallahu a'alam.